Dakta Cyril Clarke, Likitan Da Ya Ceci Jarirai Daga Saɓanin Jini

A wannan fitowa ta bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, mun ga ya dace mu tuna da wani mutum wanda bai taɓa cin kasuwa da mu ba, amma aikinsa ya shafi gidajenmu.

An haifi Cyril Clarke a Leicester ta Ingila a 1907. Ya yi karatu a Kambirij, ya yi likitanci a rundunar sojan ruwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya ya zauna a Liverpool. Yana kiwon malam-buɗe-littafi a gidansa, kuma nazarin yadda suke gadon launin fikafikai ne ya kai shi ga binciken gadon jini.

Akwai matar da ɗanta na fari zai zo lafiya, amma na baya su zo da shawara mai tsanani ko su rasu a ciki, har a ce tana wabi. Wani lokaci dalilin shi ne jininta Rezus negatif ne, jaririn kuwa ya gado pozitif daga ubansa. Wajen haihuwa jinin jaririn yakan shiga jikinta, sai jikin ya haɗa garkuwar da za ta yaƙi jinin cikin gaba.

Clarke da Dakta Ronald Finn sun gwada allurar anti-D a jikin maza 'yan sa kai, suka buga sakamakon a 1961. Allurar tana share jinin jaririn kafin jikin uwa ya farga, in an yi ta cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari. A 1980 suka karɓi kyautar Lasker tare da masana uku na Amurka. Clarke ya rasu a 2000.

Matanmu kullum suna kan hanya tsakanin Sokode, Dapaong da Sinkase, naƙuda kuwa ba ta jiran a dawo gida. Muna roƙon iyayenmu mata da 'yan'uwa su gwada jininsu a babban asibitin Sokode ko na Dapaong, su ajiye katin tare da takardun tafiya. Maigida kuma ya tanadi kuɗin allurar tun cikin fari, domin in garkuwar ta riga ta haɗu, allurar ba ta warware ta.

Allah ya raya mana zuri'a, amin.