Faransis na Asisi, Mai Neman Salama

An haifi Faransis a garin Asisi na ƙasar Italiya wajen shekara ta 1182, ɗan wani attajiri mai sayar da yadi. Yana saurayi ya tafi yaƙi a 1202, aka kama shi, ya yi kusan shekara a kurkuku. Daga baya ya bar dukiyar mahaifinsa, ya bi Almasihu cikin talauci.

A 1219, sa'ad da rundunar Kiristocin Turai ta kewaye birnin Damiyetta a Masar, sai ya ƙetare fagen fama ba makami, ya je wurin Sarkin Musulmi Al-Kamil. Sarkin ya karɓe shi da mutunci, suka tattauna kan bangaskiya, ya sallame shi lafiya. Faransis ya rasu a 1226.

Mu da muke cin kasuwa ɗaya da maƙwabtanmu Musulmi, in rigima ta taso, bari mu riga kowa zuwa ƙofarsu da sallama.