Alhassan Ɗantata: Marayan da Allah Ya Ji Kukansa

Jama'a, kowa ya san Alhaji Alhassan Ɗantata da dukiya, amma kaɗan ne cikinmu suka san wuyar da ya sha tun farko.

An haife shi a Bebeji a 1877, cikin zuriyar Agalawa fatake. Yana ƙarami mahaifinsa Abdullahi ya rasu, mahaifiyarsa Amarya kuma ta tafi Ankara ta ƙasar Gana. Wata tsohuwa mai suna Tata ce ta rene shi, daga nan sunan Ɗantata ya samo asali. Ya yi almajiranci. Da yaƙin basasar Kano ya ɓarke a 1893, aka kama shi, sai da ya fanshi kansa.

To, malamanmu sun karantar da mu cewa addu'ar wanda aka zalunta da ta matafiyi ba sa faɗuwa ƙasa. Shi kuwa duk ya haɗa, ga maraici.

Ya shiga fataucin goro, yana ɗora kaya a jirgin ruwa zuwa Ikko, sannan ya koma gyaɗa. A 1929, raƙuma 20 ne suka kai masa kuɗin azurfa ajiya a banki a Kano. Ya rasu a 1955, ba attajiri kamarsa a Afirka ta Yamma.

Mu da ke zaman baƙunci a Kurmi, in kasuwa ta ci mu ko gobara ta taɓa rumfa, kada mu yanke ƙauna. Mu ɗaga hannu, mu kuma tashi nema. Almajirin da ke bakin rumfarmu kuwa, mu kiyayi kukansa.

Allah Ya jiƙan Alhaji, amin.