Tarihin Joseph Asscher, gwanin yankan lu'ulu'u

An haifi Joseph Asscher a shekarar 1871 a birnin Amsterdam na ƙasar Holland, a wani gidan Yahudawa da ya yi fice wajen sana'ar yankan lu'ulu'u.

Kakansa ne ya kafa kamfanin gidan a 1854, daga bisani ragamarsa ta koma hannun Joseph da ƙanensa Abraham.

Lu'ulu'u idan aka tono shi daga ƙasa ba ya da wani ƙyalli sosai. Sai an tsaga shi, an fitar masa da siffa, sannan an goge masa fuskoki masu yawa, kafin ya riƙa mayar da haske.

Sabon salon yanka

A 1902 ne Joseph ya ƙirƙiro salon yankan da ake kira da sunan gidansu, wato Asscher, kuma kamfanin ya yi rajistar mallakarsa.

Dutsen da aka yi wa wannan yanka murabba'i ne da aka datse kusurwoyinsa huɗu, mai fuskoki 58 da ke jere kamar matakala.

Ba ya walƙiya kamar yankan da'ira, amma ido na ratsa shi har ƙasa, don haka ba ya ɓoye aibi. Salon ya yi tashe sosai a shekarun 1920.

Dutsen Cullinan

A watan Janairun 1905 aka tono wani lu'ulu'u mai nauyin karat 3,106, wato kimanin giram 621, a mahaƙar Premier da ke kusa da Pretoria a Afirka ta Kudu. Har yanzu ba a samu lu'ulu'un ado da ya kai shi girma ba.

An raɗa masa sunan shugaban mahaƙar, Thomas Cullinan, kuma a 1907 gwamnatin Transvaal ta saye shi ta bai wa Sarki Edward na Bakwai na Ingila kyauta.

Sarkin ya danƙa aikin yanka shi a hannun gidan Asscher, wanda ya riga ya yanka wani babban dutsen mai suna Excelsior.

Aikin na da hatsari. Duk da taurinsa, lu'ulu'u na tsagewa ne ta wasu hanyoyi sanannu, kamar yadda itace ke bin jijiyarsa. Idan mai tsagawa ya kuskure hanya, dutsen na iya tarwatsewa, kuma babu gyara.

Joseph ya daɗe yana nazarin dutsen kafin ya yi masa 'yar tsaga. Ranar 10 ga watan Fabrairun 1908 ya ɗora wuƙar ƙarfe a kan tsagar ya doka, sai wuƙar ta karye, dutsen kuwa ko gezau.

Da ya sake gwadawa da wata wuƙar mai ƙwari, dutsen ya rabe gida biyu daidai inda ya tsara.

Ma'aikata uku suka shafe watanni takwas suna gugar gutattsarin, inda aka fitar da manyan duwatsu 9 da ƙanana 96.

Mafi girma, mai karat 530, an yi masa siffar ɗigon ruwa, yana kan sandar sarautar Birtaniya. Na biyu, mai karat 317 da siffar matashin kai, yana jikin kambin sarauta. Cikin sauran akwai mai siffar zuciya da masu siffar kwale-kwale.

Bayan rasuwarsa

Joseph Asscher ya mutu a 1937. Bayan 'yan shekaru, 'yan Nazi suka mamaye Holland, suka ƙwace kayan kamfanin, suka tura iyalan gidan da ɗaruruwan ma'aikatansu sansanonin gwale-gwale. Ƙalilan ne suka dawo da rai.

Waɗanda suka tsira sun sake farfaɗo da kamfanin bayan yaƙin, kuma a 1980 Sarauniya Juliana ta karrama shi da laƙabin sarauta.

Duwatsun na Cullinan kuwa sun ci gaba da jawo muhawara. Bayan rasuwar Sarauniya Elizabeth a 2022, da kuma lokacin naɗin Sarki Charles a 2023, wasu 'yan Afirka ta Kudu sun nemi a mayar musu da su, suna masu cewa gwamnatin mulkin mallaka ce ta yi kyauta da dukiyar da ba tata ba.