Wallace Wright da Yaƙin Kwatarkwashi

An haifi Wallace Wright a 1875. Ya shiga sojan Ingila, ya yi yaƙi a Indiya. Daga baya aka turo shi Arewacin Nijeriya.

A watan Fabrairu 1903, Ingilishi suka ci Kano, birnin da fataken Damargu suke zuwa cin kasuwa. Lokacin nan Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Da rundunarsa ta juyo gida, sai ta gamu da Wright a Kwatarkwashi. Yana tare da hafsa ɗaya da sojoji baƙar fata 44. Suka ja daga da bindigogi. Mahayan Kano suka yi ta auka musu da mashi da takobi, har awa biyu. A nan Wazirin Kano Ahmadu ya faɗi, shi da jarumai da yawa.

Ingila ta ba Wright Victoria Cross, babbar lambarta ta jarumtaka. Ya zama janar, kuma ɗan majalisa. Ya mutu a 1953. Kanawa kuwa, Waziri suke tunawa. Suna kiran sa Mai Shahada.

Tambayoyi
1. A ina aka yi wannan yaƙi?
2. Don me ake kiran Waziri Ahmadu Mai Shahada?