Daga Asibitin Necker zuwa Tantunan Mina: Rayuwar Farfesa Jean Hamburger



Duk wanda Allah ya nufa ya sauke farali ya san kwanakin Mina ba na mai raunin jiki ba ne. A kwana cikin tanti ranar 8 ga Zulhajji, a wuni a Arfa, a kwana a filin Muzdalifa, sannan a dawo a yi ta kai-komo zuwa wurin jifa cikin zafi da cunkoso. Mai ciwon ƙoda da injin wanki ke tsare shi sau uku a mako, wajen awa huɗu kowane zama, wannan aiki ya fi ƙarfinsa, har ma sharuɗɗan lafiya da Saudiyya ta gindaya a 'yan shekarun nan suka sa shi cikin waɗanda ba su da ikon tafiya. Amma wanda aka yi wa dashen ƙoda, jikinsa ya karɓa, likitansa ya amince, yana iya shiga sahun masu jifa da 'yar jakar magungunansa. Abin da ya raba mutanen nan biyu aiki ne na shekaru, kuma na zaɓi in kawo tarihin ɗaya daga cikin waɗanda suka yi shi. Ba Musulmi ba ne, bai taɓa taka Mina ba, amma alhazai da yawa na cin gajiyar guminsa ba tare da sun san sunansa ba.

An haifi Jean Hamburger a birnin Paris na Faransa ranar 15 ga Yuli, 1909. Ya yi karatun likitanci a can, ya zauna a gaban Farfesa Louis Pasteur Vallery-Radot, jikan Louis Pasteur, wanda ya karkata hankalinsa ga cututtukan ƙoda. A wancan zamani ƙoda ba ta da fanni nata a makarantun likitanci. Idan ta tsaya, guba ta taru a jini, sai likita ya zuba ido. Hamburger ya kafa sashensa a asibitin Necker, tsohon asibitin da Laennec ya ƙirƙiro abin sauraron ƙirji a cikinsa a 1816, ya dage a kan cewa ƙodar da ta tsaya farat ɗaya tana iya farfaɗowa, muddin aka riƙe ma'aunin ruwa da gishirin jinin maras lafiya har ta dawo aiki. Daga wannan tunani aka sami tubalin kulawa ta musamman da ake ba waɗanda ke bakin mutuwa a asibitocin Faransa.

Jarrabawa mafi girma ta zo masa a watan Disamba na 1952. Wani saurayi ɗan shekara 16, Marius Renard, ya faɗo daga saman gini a wurin aiki, ƙodarsa ta fashe, aka cire ta don a tsai da jini. Sai daga baya aka gane ashe da ƙoda ɗaya aka haife shi. Aka kawo shi Necker ba ya fitsari. Mahaifiyarsa ta matsa wa likitoci lamba a kan su ɗauki tata su sa masa. Ba a taɓa cire ƙodar lafiyayyen mutum don ɗan uwansa an ci nasara ba, kuma likitocin sun yi ta juya maganar kafin su yarda. A daren Kirsimeti likitocin fiɗa na sashen Louis Michon suka yi aikin, Hamburger yana kula da lafiyar yaron. Ƙodar ta fara aiki nan take, yaron ya soma samun sauƙi, jaridu suka ɗauka. Bayan kimanin mako uku ta tsaya cak. Marius ya rasu ranar 27 ga Janairu, 1953.

A nan ne na fi ganin girman mutumin. Bai ɓoye abin da ya faru ba, bai kuma yanke ƙauna ba. Shi da abokan aikinsa sun rubuta bayanin aikin dalla-dalla, suka fitar da darussa biyu. Na farko, hannun likitan fiɗa ya iya aikin. Garkuwar jiki ce ke kallon sabuwar ƙodar a matsayin baƙuwa, ta far mata. Na biyu, ƙodar uwa ta daɗe tana aiki fiye da yadda aka saba gani, alamar cewa kusancin jini yana da tasiri. Boston ta tabbatar da haka ranar 23 ga Disamba, 1954, lokacin da Joseph Murray da John Merrill suka yi dashe tsakanin tagwaye masu halitta iri ɗaya, ƙodar ta zauna. Sai dai mutum nawa ne ke da irin wannan abokin haihuwa?

Hamburger ya bi hanya biyu. Ya sa aka haɗa injin wankin jini a Necker a tsakiyar shekarun 1950, bisa ƙirar da Willem Kolff ya fara a Holan lokacin yaƙin duniya na biyu, don maras lafiya ya sami abin dogaro idan ƙodarsa ta tsaya. Sannan ya nemi yadda za a kwantar da garkuwar jiki. Magani bai samu ba tukuna, don haka aka koma ga haska jikin mutum gaba ɗaya da irin hasken da ake ƙona ciwon daji da shi, hanya mai hatsari, domin idan ya yi yawa ɓargo ya mutu, idan ya yi kaɗan jiki ya ƙi ƙodar. A watan Yuni na 1959, watanni kaɗan bayan Boston, ya ci nasara tsakanin tagwayen da halittarsu ta bambanta. A 1962 ya sake yin nasara da ƙodar da ta fito daga dangi, ba ɗan uwa na ciki ɗaya ba. Ya kuma yi aiki tare da Jean Dausset, wanda ya gano alamomin da ke jikin fararen ƙwayoyin jini, waɗanda da su ake auna dacewar mai bayarwa da mai karɓa har yau. Dausset ya sami kyautar Nobel a 1980.

A 1960 ya shirya taron duniya na farko na likitocin ƙoda a Evian da Geneva, ya zama shugaban farko na ƙungiyarsu ta duniya. Ya yi rubutu a kan tambayoyin da suka dame shi tun daga kan mahaifiyar Marius: shin daidai ne a yanka lafiyayye, kuma ta yaya za a tabbatar yardarsa ba ta matsin dangi ba ce? An zaɓe shi cikin Académie française a 1985, ya rasu ranar 1 ga Fabrairu, 1992, yana shugaban majalisar masana kimiyya ta Faransa.

Tambayoyin nan nasa su ne malamanmu suka zauna a kansu. Saudiyya ta yi dashen ƙoda na farko a Riyadh a 1979. A 1982 Majalisar Manyan Malamanta ta halatta shi. A 1985 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka, tafiya kaɗan daga Mina, ta halatta shi da sharaɗin kada mai bayarwa ya cutu cutar da za ta ɓata masa rayuwa, kuma ya bayar don raɗin kansa. A 1988 majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a Jidda ta ƙarfafa haka, ta haramta sayar da gaɓa. Akwai malaman da suka saɓa, musamman a kan abin da ake ɗauka daga mamaci, kuma saɓaninsu abin girmamawa ne. A gida, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda a 2002.

Mu mazauna ƙetare maganar ta shafe mu kai tsaye. Hawan jini da ciwon sukari, manyan abokan gabar ƙoda, sun yi yawa a cikinmu. A Birtaniya baƙar fata sun fi daɗewa a layin jira, domin ƙoda ta fi dacewa tsakanin masu asali ɗaya, masu bayarwa daga cikinmu kuwa ba su da yawa. Tun watan Mayu na 2020 dokar Ingila tana ɗaukar baligi a matsayin wanda ya yarda a ɗauki gaɓarsa bayan mutuwa, sai in ya rubuta akasin haka. Faransa ta daɗe a kan irin wannan tsari tun 1976. Ke nan shiru ma hukunci ne. Shawarata ita ce kowannenmu ya tambayi malamin da ya amince da iliminsa, ya yanke shawara, ya rubuta ta, ya kuma gaya wa iyalinsa tun yana da lafiya. Ya riƙa auna jininsa da fitsarinsa, musamman kafin tafiya aikin Hajji.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa waɗanda suka ba 'yan uwansu ƙoda da mafificin alheri, ya kira waɗanda ba su je ba. Amin.