Na'omi, Kakar da Aka Ba Riƙon Obida

A wannan darasi za mu duba rayuwar Na'omi, mutuniyar Baitalami ta Yahuza, gari mai nisan wajen mil 6 kudu da Urushalima. Ta yi zamaninta a kwanakin Mahukunta, fiye da shekara 1,000 kafin haihuwar Almasihu, labarinta kuwa yana cikin Littafin Rut.

Sa'ad da yunwa ta faɗa wa ƙasar, mijinta Elimelek ya kwashe ta da 'ya'yansu biyu, Malon da Kiliyon, suka ƙaura zuwa Mowab, gabas da Tekun Gishiri, a ƙasar Urdun ta yau. Can Elimelek ya rasu. Samarin suka auri Mowabawa, Orfa da Rut, amma bayan wajen shekara 10 su ma suka mutu, ba su bar ɗa ba. Ga Na'omi gwauruwa a baƙuwar ƙasa, ba miji, ba ɗa, ba jika. Orfa ta koma gidan iyayenta. Rut kuwa ta ƙi rabuwa da surukarta, ta bi ta har Baitalami a farkon kakar sha'ir. Don tsananin baƙin ciki Na'omi ta nemi a daina kiranta da sunanta, mai ma'anar daɗi, a ce da ita Mara, wato ɗaci.

Sai mu lura da yadda Shari'ar Musa ta tanadi irin wannan gida. Ta umarci masu gona su bar kala domin baƙo da maraya da gwauruwa. Ta ɗora wa dangi na kusa fansar gonar ɗan'uwansu. Ta kuma ce idan mutum ya mutu ba ɗa, ɗan'uwansa ya auri matar, ɗan farin da za a haifa ya ɗauki sunan mamacin. Na'omi ta san wannan, shi ya sa da ta ji Rut ta yi kala a gonar Bo'aza, dangin Elimelek, ta shirya mata yadda za ta nemi ya fanshe su.

Bo'aza bai yi abin a ɓoye ba. Ya zauna a ƙofar gari da dattawa 10, ya fara ba wanda ya fi shi kusa dama. Mutumin ya so gonar, amma da ya ji sai da Rut, ya janye don kada ya ɓata nasa gādo, ya tuɓe takalminsa ya zama shaida. Bo'aza ya auri Rut, ta haifi ɗa.

Ga abin da ya kamata mu riƙe. Bisa ga jini, yaron ba jikan Na'omi ba ne, gama uwarsa suruka ce, ubansa kuma dangin mijinta ne. Da Bo'aza ya so, da ya ce tsohuwar ba ta da sauran rabo a gidansa. Amma aka bar ta ta rungumi yaron, ta zama mai renonsa, har maƙwabta mata suka lasafta shi ɗan Na'omi, suka raɗa masa suna Obida. Shi ne uban Yesse, kakan Sarki Dawuda.

Mun sha gani a cikinmu, magidanci ya rasu, matarsa ta sake aure, dangi su yi ta jayayya kan riƙon marayu, har a hana kakanni ganin jikokinsu. Wanda ya fi cutuwa shi ne yaron, gama an raba shi da rabin zumuncinsa.

Tambayoyi domin tattaunawa:
1. Don me Bo'aza ya kai maganar gaban dattawa?
2. Me Obida zai rasa da an raba shi da Na'omi?
3. Ina kaka a ikilisiyarmu wadda aka rufe wa ƙofa, me kuma za mu yi a kai?