Ernest Starling

Ernest Henry Starling (17 Afrilu 1866 – 2 Mayu 1927) likita ne kuma masanin yadda jikin ɗan Adam ke aiki, ɗan ƙasar Ingila. An fi saninsa da bayanin yadda ruwa ke fita da shiga ta bangon siraran jijiyoyin jini.

Farkon rayuwa

An haife shi a Landan. A 1882 ya fara karatun likitanci a asibitin Guy's, sannan a 1899 ya zama farfesa a University College London.

Bincikensa kan jijiyoyin jini

A zamaninsa masana sun yi saɓani kan asalin ruwan da ke kewaye da ƙwayoyin halittar jiki. Rudolf Heidenhain, wanda Starling ya yi aiki a wurinsa a Breslau a 1892, yana ganin bangon jijiya ne ke tsattso ruwan da kansa. Gwaje-gwajen da Starling ya yi kan karnuka sun kai shi ga wata fahimta dabam, wadda ya wallafa a 1896.

Ya nuna ƙarfi biyu ne ke ja-in-ja. Matsin jini yana tura ruwa da gishiri waje ta bangon, kamar ana tacewa a rariya. Furotin ɗin da ke cikin jini kuwa, musamman albumin, ya yi girman da ba zai wuce cikin sauƙi ba, don haka yake janyo ruwa baya. Idan ma'aunin ya karkace, ruwa yakan taru a nama, jiki ya kumbura. Wannan bayani na taimaka wa likitoci wajen gane kumburin masu ciwon zuciya, hanta ko ƙoda, da na yara masu tamowa. Binciken baya-bayan nan ya gyara wani sashe nasa: yawancin ruwan da ya fita yana komawa jini ne ta jijiyoyin limf.

Sauran ayyuka

A 1902 shi da surukinsa William Bayliss suka gano sinadarin sikiritin, kuma a 1905 ya shigo da kalmar homon cikin kimiyya. Akwai kuma ƙa'idar bugun zuciya mai ɗauke da sunansa da na Otto Frank.

Mutuwa

Ya rasu a cikin jirgin ruwa kusa da Kingston ta Jamaika, inda aka binne shi.